Ɗakin da Sabi'u bai sa wa suna ba

Alhamis, Kano zuwa Daura

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, na bar gida da jaka ɗaya da kwalin faifan ajiyar bayanan kwamfuta. Abu biyu ne suka tashe ni: ta'aziyyar abokina Sabi'u, wanda ya rasu kwana tara kafin nan, da ƙarasa aikin da ya bari a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Daura. Tsohuwar kwamfutar da ke riƙe da bayanan marasa lafiyarsu tana gab da mutuwa. Sabi'u ya kafa sabuwar saba, wato babbar kwamfutar ajiyar bayanai, ya raba cikinta ta zama kwamfutoci huɗu, kamar gida ɗaya mai ɗakuna huɗu, kowanne da aikinsa. Kwashe kaya zuwa sabon gida ya rage, ajali ya riga shi.

A tasha, mota ta cika shida da kwata. Direba ya so jefa kwalina a but, na ce a cinyata zai zauna.

"Ƙwai ne, Malam?"

"Ya fi ƙwai saurin fashewa."

A Kazaure na sayi koko da ƙosai. Mun wuce Sandamu tara saura, muka sauka Daura tara da 'yan mintuna.

Gidan makoki na fara zuwa. Mahaifinsa, Malam Ilu, yana zaure bisa tabarma.

"Ya haƙuri, Baba?"

"Da godiya. Kai ne na Kano da yake yawan faɗa? To, ga Hajara can cikin takaba, watanta ya tsaya. Likita ta ce takardunta na cikin injin nan naku."

Matar Sabi'u kenan. Haihuwarta ta baya da ƙyar ta sha, kuma duk abin da aka rubuta game da jininta da aikin da aka yi mata yana cikin wannan kwamfuta mai shure-shure.

Juma'a, asibiti

Na kwana a ɗakin baƙin asibitin. Da safe na buɗe sabar, sai na ga sunayen ɗakunan. Mu masu wannan aiki kowa da yadda yake raɗa wa injinansa suna. Sabi'u da sunayen 'ya'yansa ya yi: Aminu ke riƙe da katin marasa lafiya, Zainab magunguna, Bilkisu gwajin jini. Na huɗu fanko ne, ya rubuta masa "jiran suna". Na daɗe ban taɓa komai ba, don hawaye sun hana ni ganin allo.

Lokacin Juma'a kaɗai ake rufe teburin kati, don haka sha biyu na fara kwashewa. Sai na hango mai gadi, Ɗan'azumi, ya nufi janareto.

"Baba, kar ka kashe!"

"Ai kullum ina kashewa in za mu masallaci. Shi ma ya huta."

"In ya huta yau, takardun Hajara sun tafi."

Ya janye hannunsa. "Hajarar Sabi'u? To ko man jikina zai sha."

Mun dawo daga masallaci biyu da rabi, komai ya haye. Na buɗe fayil ɗin Hajara, likita ta karanta ta ce alhamdulillahi. Kafin la'asar tsohuwar kwamfutar ta ɗauke, ba ta sake tashi ba.

Asabar, komawa

Na taso bakwai, na iso gida kafin sha ɗaya. Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da mutanen Daura da suka riƙe ni kamar ɗan gida.

Bayan kwana goma sha biyu Malam Ilu ya kira. Hajara ta sauka lafiya, namiji, yau suna.

"Ya ci sunan ubansa. Abba za mu riƙa ce masa."

Daga teburina a Kano na shiga sabar Daura, na goge "jiran suna", na rubuta Sabi'u.