Zanar da Baba yake jinginawa a allon taba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Idi mai saƙar zana na Magarya. Tun ɗana Sani yana goye nake fargabar ranar da za a rubuta sunansa a lakwal, wato makarantar boko. Ba karatun nake tsoro ba, abin da ke ƙofar lakwal ɗin nake tsoro.

Wani allo ne na kwano da kantin masu sayen gyaɗa ya kafa daidai inda yara ke fitowa. An zana mutum da kwat, alƙalami a aljihu, sigari a baki, yana murmushi. Ni aji biyu kawai na yi, amma wannan allon ba ya bukatar mai karatu. Kowane yaro ya gane: in ka yi ilimi, haka za ka zama.

Baba ya fara faɗa da shi ne ranar da ya kama yayana Habu yana tsintar guntayen sigari a bakin kantin. Bai doke shi ba. Washegari ya ɗauki sabuwar zana ya jingina a jikin allon, ya rufe mutumin ruf. Akawun kanti ya ture ta, ya ce allon na kamfani ne. Baba ya ce, "Allon naku ne, idanun yaran namu ne." Aka yi masa ba'a cewa shi ma ai yana cin taba da kanwa. Ya amsa cewa gaskiya ne, amma bai taɓa zana bakinsa a bango don yara su yi sha'awa ba.

Har gaban kumandan mai mulkin garin aka kai shi. Ya dawo, ya saƙa wata. Kullum da safe ya jingina, da an tashi yara ya ɗauke, har ciwo ya kwantar da shi. Habu kuwa bai tsira daga taba ba, yana garin Waca yana fama da tari.

Baba, da za ka leƙo yau, alluna uku ne, ɗaya ma a jikin tsamiyar da yara ke sha inuwa. Bana Sani ya shiga lakwal. Makon jiya na gan shi da alli tsakanin yatsu biyu, yana hura iska sama.

Da na ce zan yi yadda Baba ya yi, maigidana ya ce in rufa mana asiri, mace ba ta ja da kamfani. Na ce ya yi haƙuri. Na yanko gamba na saƙa zana na jingina, duk da saƙata ba ta kai ta Baba ba. An ture sau huɗu, na tayar sau huɗu. Baba bai bar mana gona ba, wannan taurin kan ya bar mini.

Zanata ɗaya ce, alluna uku. Masu alƙalami, ku rubuta wa kumandan a cire su daga ƙofar lakwal. Wanda bai iya rubutu ba, ya kawo zana ranar Litinin da safe. Zai same ni a gindin tsamiya.