Askar da ke Kumatun Babansu

Bazara ce, irin ta Maiduguri, wadda ruwan randa ma yake ɗumi tun da hantsi. Shekarar ta zo da wahalar mai, motocin haya suka yi wuya, mutane suka koma tafiyar ƙasa suna bin inuwar dalbejiya. Ni kuwa ban ji nauyinta sosai ba, don hankalina yana kan bikin autata, wadda za a kai Jos bayan babbar salla.

Da na tambaye ta abin da take so in ƙara mata a kayan ɗaki, sai ta ce hoton babanta kawai. Tana goye ya rasu, ba ta san fuskarsa ba sai a bakin mutane. Hoto ɗaya ya taɓa ɗauka a duniya, shekarar da ya buɗe rumfarsa ta wankin hula. Shi ma ɗin, shekarar da ruwa ya shigo mana gida a Abbaganaram, akwatin da yake ciki ya jiƙe. Hula ta tsira, idanu sun tsira, amma daga ƙasan ido na hagu har haɓa ya ɓare, ya zama fari fat. Tun daga nan na daina nuna wa kowa shi.

Babbar 'yata, 'yar fari ce shi ya sa ba na kiran sunanta, tana aiki a wani shago a Wulari inda ake buga katin biki da kalanda. Ita ce ta ce in kawo hoton. Mai shagon ya sayo kwamfuta, kuma ya yarda ta yi mana aikin ranar Asabar bayan azahar, da sharaɗin in man janareta ya ƙare, to ya ƙare, ba shi da wani sai yadda hali ya yi.

Ban taɓa shiga wuri irin wannan ba. Ta kwantar da hoton a cikin wani akwati mai haske, hasken ya ratsa ta ƙarƙashinsa a hankali, sai ga maigidana a gilashin kwamfutar, ya fi na takarda girma. Na yi salati a zuciyata. Ta taɓa wani abu, idonsa kaɗai ya cika gilashin, har ina ganin ɗan tabon da ke gefen girarsa, wanda ni da kaina na manta da shi.

A gabanta akwai wani allo na roba mai ruwan toka, da alƙalaminsa wanda ba ya shan tawada. Tana goga shi a allo, allon ba ya nuna komai, amma zanen yana fitowa can a gilashi. Da shi ta riƙa ɗebo launin fata daga kumatun dama tana shafawa a na hagu, kamar mai yaɓen ɗaki. In ta yi kuskure sai ta danna wani maɓalli, kuskuren ya tafi kamar ba a taɓa yin sa ba. Na zauna ina tunanin da a ce haka rayuwa take.

Da ta gama ta juyo tana murmushi. Fuska ta cika, sumul, kyakkyawa. Sai dai ba shi ba ne. Babansu Babarbare ne, yana da askar gidansu, dogayen layuka daga gefen ido zuwa muƙamuƙi. A kumatun dama inuwa ta rufe su, ba sa fitowa sosai, na hagu kuma ruwa ya cinye. Na gaya mata. Ta ce ta tuna yana da aska, amma ba za ta iya cewa ga inda ta fara ga inda ta tsaya ba, don tana ƙarama lokacin.

Sai ta miƙo mini alƙalamin. "Inna, ke za ki zana."

Na ce mata ni da na koyi riƙe fensir da girmana a ajin yaƙi da jahilci, ina ni ina kwamfutar mutane. Ta ce ai babu abin da zan ɓata wanda ba zai gyaru ba. Na ɗauki allon na ɗora a cinya a tsaye, yadda muke riƙe allo a makarantar Malam. Na ja layi ƙasa, sai ya tafi gefe, ya ratsa hancin bawan Allah. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wannan allon kwance yake karatu. Ta mayar da shi kan tebur, ta share layin, ta ce in daina kallon hannuna, in kalli fuskarsa.

Na sake ja. Wannan karon layin ya bi hanya, amma yana rawa, yana tsalle kamar sawun kaza a kan rairayi. Ta ce hannuna ne yake karkarwa. Na ce a'a, hannun da yake zare ƙaya a tafin yaro ba ya karkarwa. Ta karɓa ta ja da kanta, layi ya fito santal. Ta ba ni, ya koma rawa.

Nan fara'arta ta ragu. Ta duba wayar allon a bayan kwamfuta, ta cire ta hura ta mayar. Ta kashe na'urar gaba ɗaya ta kunna, muka zauna muna jiran ta farfaɗo, janareta yana ta shan mai a waje. Ta duba bakin alƙalamin ko ya cinye. Ta janye allon nesa da gilashi, ta ce wani lokaci kusancinsu yakan rikita shi. Har fanka ta kashe, zufa ta rufe mu. Duk abin da ta gyara, in ta gwada da hannunta lafiya lau, in na karɓa sai rawa.

Ni kuma wani abu ya fara zuwa mini a rai. Dama tun a hanya ina ta waswasi ko daidai ne a taɓa fuskar mamaci a yi mata gyara. Sai na ce mata a hankali, ko dai ba a so ne, mu haƙura. Ta dubi fuskarsa a gilashi. Sannan ta ce babanta bai taɓa hana autarsa komai ba lokacin da yake da rai, ba yau zai fara ba.

Janareta ya yi tari sau ɗaya ya ci gaba. Ta ce in sake ja, ita kuma ba za ta kalli gilashi ba, hannuna za ta kalla. Na ja. Ta ce in ɗaga wuyan hannuna sama, alƙalami kaɗai ya taɓa. Na ɗaga, rawar ta ragu. Na sauke, ta dawo. Sai ta kai yatsa ta taɓa awarwarona.

Na azurfa ne, masu kauri, maigidana ne ya sa mini su a lefe. Na cire su lokacin takaba, ranar da na fita kuma na mayar, ban ƙara cirewa ba. Ta yi mini bayani cewa allon da alƙalamin suna magana da juna ne ta wata hanya da ido ba ya gani, ƙarfe kuwa in ya shiga tsakani sai maganar ta sarƙe. Na dubi awarwaron, na dubi allon. Ashe duk wannan lokaci abin yana jin su, ni da nake sanye da su har na daina ji.

"Sai an cire su, Inna," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

Ba su fita da sauƙi ba, don hannun da aka sa wa su ba shi ne na yanzu ba. Ta kawo buta da guntun sabulu, ta durƙusa a gabana tana murzawa, kamar yadda nake yi mata da munduwa tana yarinya. Suka fito ɗaya bayan ɗaya. Fatar wurin ta yi haske, hannun kuma ya yi mini sakayau kamar na aro.

Na goge hannu na ɗauki alƙalami. Na sa ido a kumatunsa na ja, layi ya sauka shar, babu rawa. Abin da ya fi ba ni mamaki, in na danna sai ya yi kauri, in na sassauta sai ya sirance, kamar abin ya san nauyin hannuna. Haka kuwa askarsa take, mai kauri a sama, siririya wajen muƙamuƙi, ta ƙarshen kuma ta ɗan karkace saboda ya motsa ranar da wanzami yake yi masa, haka mahaifiyarsa ta ba ni labari. Da an ce in faɗa da baki, da ban iya ba. Hannuna ne ya tuna.

'Yata ta rage duhun layukan har suka zauna a cikin fata. Sannan ta mayar da hoton daidai girmansa. Ta sa gefen mayafi a ido. Ni ma na kawar da kai, don shi ne sosai, kuma ban saba kallonsa ido cikin ido a gaban yara ba.

Ta adana aikin, ta buga shi a takarda mai sheƙi. Takardar ta gama fitowa ba da jimawa ba janareta ya mutu. Muka taka har gida, hoton a cikin ambulan, awarwaron a ƙulle a bakin zanina. Auta ta karɓa ta daɗe tana kallo, sannan ta shafa nata kumatun, ta ce ashe haɓarsa ta ɗauko.

Washegari bayan na idar da salla na kwance ƙullin. Na jiƙa sabulu da niyyar mayar da su, sai na fasa. Na wanke su da toka har suka yi haske, na naɗe su a ƙyalle tare da hoton, na buɗe akwatin auta na sa a ƙarƙashin atamfofinta. Daga nan na ɗora ruwan koko.