Kicin ɗin Kawu Sule Kuku

Duk wanda ya taɓa shan shayi a gidan Kawu Sule a unguwar Limawa ta Minna ya san bai taɓa cika wa mutum kofi ba. Rabi yake zubawa, ko Sarkin Makka ne ya zo. Mutane suna cewa rowa ce. Ba rowa ba ce. Shekara talatin ya yi yana kuku a jirgin ƙasa, inda cikakken kofi ke ƙarewa a rigar fasinja. Ya bar aikin reluwe, amma jirgin bai bar jikinsa ba. Ko albasa zai yanka sai ya ware ƙafafu, kamar gidan zai sha kwana.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, sana'ata dillancin gidaje. A 2005 na sayar masa da wani fili a Shango, ya ce da kuɗin zai gyara kicin. Na ji daɗi, don na san abin da ke ɗaga farashin gida a Minna: kicin mai faɗi, farin tayil, kabad a bango. Na kwaso samfurin tayil har kala biyar na kai masa.

Bai ko kalle su ba. Ya tsaya tsakiyar tsohon kicin ya buɗe hannuwa, ya ce wa birkila, "Nan bango, nan bango. In na miƙa hannu in taɓa duka biyun."

Na ce, "Kawu, mutane na fasa bango su ƙara faɗi, kai za ka rage? Wa zai sayi gida da kicin kamar lungu?"

"Wa ya ce maka sayarwa zan yi?"

"Gida kadara ce. Wata rana dole a sayar."

Ya ce, "To, Dillali, kai ka gina wa baƙon da ba ka taɓa gani ba. Ni zan gina wa mutumin da na sani tun ranar sunansa." Kansa yake nufi.

Da kafinta ya zo, Kawu ya sa shi ya buga wa kowace kanta ɗan shinge na katako, wai kada tukwane su zame. Har risho sai da aka ɗaure shi da waya. Kafintan ya yi ta haƙuri, can ya kasa, ya ce, "Baba, gidan nan fa ba ya tafiya."

Kawu ya ce, "Haka direbobi ke cewa kafin su taka birki. Buga ƙusarka."

Na koma wajen matarsa, Inna Hajara, ina neman mai mara mini baya. Kun dai san Inna, Allah ya yi mata jiki. Ta zo ta gwada ƙofar, ta shiga a karkace, ta fito da baya. Ta ce, "Malam, ni ta ina zan juya a nan?"

Ya ce, "Fasinja ba ya shiga kicin."

Na zuba ido in ga rigima. Sai Inna ta ɗauki tabarmarta ta shimfiɗa a gindin mangwaro, ta ce mini, "Kai, kada ka kuskura ka hana shi. Shekara arba'in ina shan hayaƙi, yau na yi ritaya."

Ban haƙura ba. Bayan an gama aikin na kawo wani Alhaji, ɗan kasuwa daga Bida mai sayen gidaje, don Kawu ya ji gaskiya daga bakin wani. Kawu ya gane shirina, amma ya zaunar da shi, ya miƙo masa dafa-duka da busasshen kifi ta 'yar tagar da ya huda a bango. Alhaji ya cinye, ya nemi ƙari, sannan ya leƙa kicin ɗin ya ce, "Gaskiya wannan zai rage kuɗin gidan. Amma in da kukun za a haɗa mini, zan ninka."

Kawu ya dube ni ya ce, "Ka ji ko? Ba ka san inda tsadar take ba."

Bayan rasuwarsa magada suka ba ni gidan in sayar. Ba zan ɓoye ba, maganata ta tabbata: duk wanda ya leƙa kicin sai ya rage tayi, wanda ya saya kuwa cikin mako guda ya rushe shi. A lissafin kasuwa ni na ci.

Sai dai akwai abin da ban sa a lissafi ba. Shekara biyun ƙarshe ƙafafun Kawu sun ƙi ɗaukarsa, ko masallaci sai an riƙe shi. Amma in an kai shi ƙofar kicin sai ya ce a sake shi. Ya dafa bangon dama, ya dafa na hagu, ya yi girkinsa a tsaye ba mai tallafa masa, har saura kwana huɗu ya cika. Da ya bi shawarata, da a kujera zai ƙare yana kallon farin tayil.

Allah ya jiƙan Kawu Sule. Ya matse wa kansa ɗaki a duniya ya ji daɗinsa. Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya haskaka shi. Amin.