Baffa Sale da Famfon Iskar Ƙauyenmu

Bana shekara talatin da biyu ke nan da rasuwar Baffa Sale, ƙanen mahaifina, dillalin shanu a kasuwar Daura. Har yau in na ga layin jarkoki a gidan mai, shi nake tunawa.

A ƙauyenmu na ƙasar Sandamu akwai rijiya mai zurfi da famfon iska a kanta, doguwar hasumiyar ƙarfe mai fukafukai. In iska ta kaɗa ruwa ya zubo, in ta tsaya a zauna a jira. Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, jiran nan ya zama abin gori. Garuruwan da suka samu injin dizal suka laƙaba mana "masu jiran iska". Baffa kuwa bai iya haɗiye gori ba. Ya sayar da bijimansa ya sayo inji, aka sauke famfon iskar, aka daɓe bakin rijiya da siminti, maƙera suka mai da fukafukan fartanya.

Mahaifina ya ce, "Sale, da ka bar shi a tsaye, ai ba abinci yake ci ba."

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, a ƙasar nan mai ya fi ruwa araha."

Bazara na yin tsanani mai ya ɓace, ɗan wanda ya rage kuma ana tsallake iyaka da shi ta Kongolam. Inji ya yi shiru, guga ba shi da hanyar shiga. Shanu suka yi ta kuka a bakin kwami. Ƙanwata na kwance da zazzaɓi, Inna tana auna mata ruwa da ludayi, ni kuwa ina ta leƙa randa. Baffa ya zagaye garuruwa a keke ya dawo da galan wayam. Na gan shi zaune kan simintin, iska tana ta kaɗa masa riga. Da diga aka fasa bakin rijiyar. Ƙanwata ta tashi, shanu da yawa ba su tashi ba.

Bana kwamitin ƙauye ya zauna kan ko a sa wa rijiyar farantan sola. Aka ce da tsada, aka ce ɓarayi, aka ce in sun lalace babu mai gyara nan kusa. Duk gaskiya ne. Aka zaɓi janareta, tunda shi kowa ya sani. Ina ta tunanin abin da Baffa zai ce da yana wurin. Ina jin shiru zai yi, don tun daga bazarar nan bai ƙara ba kowa shawara kan ruwa ba.

Abin da ya bar mini tsoro ne. Har ya rasu, kullum da hannunsa yake cika randuna biyu kafin magariba, kuma na gaje shi. 'Ya'yana suna yi mini dariya. Allah ya jiƙan Baffa. Jiya na sayo randa ta uku.