Cibiyar da Ruwa Ya Riƙe

Shekara ashirin da biyu ina koya wa yara cewa cibiya tabo ce kawai, shaidar inda aka yanke igiyar da ta haɗa jariri da uwarsa. Nakan zana ta a allo, in ba da maki ga wanda ya haddace. Ban taɓa gaya wa ajin cewa malamata ta farko a wannan fanni ba ta yarda da ni ba.

Kakata ce, Iya Dije. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, muna zaune a sabon ƙauyen da aka gina mana a hayin Yelwa bayan ruwan Kainji ya cinye tsohon. Da an idar da magariba takan zauna gaban wutar banda tana juya kifi, mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawayen da ba na tausayi ba. 'Yar masunta ce gaba da baya, amma ban taɓa ganin ta cikin kwalekwale ba. Ko biki ake a tsallake, sai dai ta aika da goro.

"Ga wata ta taso daga ruwa," in ji ta, in za ta fara tatsuniya.

"Ta iso gaci mu gan ta," in ji mu.

A wajen Iya, cibiya biyu ce. Ta ciki, wadda muke cusa yatsa, ado ce. Ta gaskiya ita ce wadda ungozoma ta yanke aka binne bayan ɗakin uwa. Da ita ƙasa ke gane nata.

Ta ce an yi wani masunci, Gado, wanda jirginsa ya kife. Aka nema kwana uku, aka haƙura, aka yi sadaka. Ran na huɗu sai ga shi ya yi sallama. Gari ya ɗauki murna, ban da uwarsa. Ta lura yana ci, ba ya shan ruwa. Tabarmarsa kuma kullum da safe a jiƙe.

Kowa ya san mutanen ruwa ba su da cibiya, tunda ba haihuwarsu aka yi ba. Don haka dattawa suka ce ya ɗaga riga. Ga cibiya nan, kyakkyawa, zagayayya. Suka ce wa tsohuwar ta ji tsoron Allah.

"Nan suka yi wauta," in ji Iya, tana nuna ni da tsinken kifi. "Kai maigidana, da kake zuwa makaranta, mi za ya hana mai dabara ya danna babban yatsa bisa ciki ya yi rami?"

Uwar ba ta yi gardama ba. Ta ja hannun Gado zuwa bayan ɗaki, gindin wata tsamiya, ta ce, "Taka nan, ɗana." Ya tsaya taku ɗaya kafin wurin. Ya daɗe yana duban ƙasa. Sannan ya ce, cikin ladabi, "Inna, wurin ga bai san ni ba." Ya juya ya gangara kogi, kowane sawunsa na cika da ruwa.

"Iyakarta ke nan, ta koma inda ta fito," in ji Iya.

Ni da aka sani da tambayar da ba a so, na ce, "Iya, taki ina take?"

Ta juya kifi biyu kafin ta amsa.

"Tsohon gari. Ruwa ya riƙe ta. Ƙasa ta manta da ni, shi ko ya san sunana. In na hau bisansa, cewa za ya yi kayansa sun zo."

Da na girma na yi wa wannan magana fassarar 'yan boko: tsohuwa ce mai kewar garinta. Na gamsu da kaina ƙwarai.

Sai bayan rasuwarta Inna, mahaifiyata, ta ba ni sauran labarin. Ni a asibitin Yelwa aka haife ni, don naƙudar ta zo da gardama. Labari ya kai wa Iya cewa a can ba a binne komai, zubarwa ake yi. Ta ɗauki ƙwarya da tsumma ta shiga jirgi. Mai tuƙin ya ce tun daga wannan gaci har wancan idonta a rufe yake, tana salati, hannayenta a ƙirji don kada su taɓa ruwa. Ta karɓo abin da ta je nema, ta sake hawa ruwan ta dawo, ta binne a kan tudu mafi nisa da tafki. Sau biyu ke nan a rana ɗaya, ba ta kuma ƙara ba har ta koma ga Allah.

Har gobe ina cewa tabo ce, kuma haka ne. Amma da aka haifi 'yata ta fari a Birnin Kebbi, malamin kimiyya, wato ni, ya naɗe abu a tsumma, ya shiga mota har ƙauye, ya hau tudun nan da fartanya. Na yi rami kusa da inda Inna ta nuna mini. Ban rufe nan da nan ba. Na tsuguna ina kallon gindinsa, sai da na tabbata busasshe ne.