Barud Ba Ya Cin Na Kowa

Kaji nake sayarwa a lungunmu na Imbaba, shekara talatin da ɗoriya, kuma su suka haɗa ni da Usta Garib (Usta ake ce wa gwanin sana'a a wajenmu). Kawunan kajin da ƙafafunsu da nake zubarwa shi ke kwashewa kullum da hantsi, ya hau da su saman bene inda yake horar da karnukan masu kuɗi.

Mutumin garin Asyut ne. A soja aka haɗa shi da karnuka, da ya fito kuwa bai iya komai ba sai su. Matarsa ta rasu ba su haihu ba, bai ƙara aure ba. To wa za ta aure shi? Mutumin da in ya shiga sahun salla sai na gefensa ya tattare riga.

Yaran zamani masu wannan sana'a sukan ce a riƙa fita da ɗan kwikwiyo kasuwa, ya saba da mutane da ƙarar mota. In Usta ya ji haka sai ya tofar da yawu. "Karen da ya yi abokai ya gama gadi," in ji shi. Shi kulle kwikwiyo yake yi wata shida, ba ya ganin fuskar kowa sai tasa. Daga nan sai babban darasi. Ɓarayi kan jefa wa kare nama mai guba, don haka karen Usta ba ya taɓa abinci sai ya ji umarnin mai shi. Ni ce baƙon hannun da ake gwaji da shi. Usta zai cusa barkono a tsokar kaza, in miƙa, kwikwiyo ya haɗiye ya yi ta atishawa yana birgima. Allah Ya yafe mini, har dariya nake yi.

Na masu kuɗi yakan juya su zuwa muryar iyayen gidansu kafin ya sallame su. Barud ne kaɗai ya riƙe wa kansa, wani baƙin karen Jamus mai kai kamar turmi. Shekara bakwai bai sa komai a baki ba sai Usta ya ce, "Ɗauka."

Sai muryar Usta ta fara dishewa. Na ce, "Usta, shishar nan za ta kashe ka." Ya ce, "Uwar Sabri, bakinki zai riga ta." Ashe ba wasa ba ne. A watan Sha'aban likita ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro, sai an cire wurin da murya ke fita, kuma a yi da wuri. Zai kwanta wata guda, in ya tashi ba zai ƙara magana ba har abada.

Ya zo shagona ya zauna a kan kejin kaji. Na ɗauka kukan kansa zai yi. Ina! Sai cewa ya yi, "Wa zai ce wa Barud ya ci?"

"Kai dai anya kana da hankali? Yunwa za ta ce masa!"

"Ba ki san aikina ba," ya ce.

Muka ɗauki muryarsa a waya, muka kunna wa Barud. Ya dubi wayar, ya dubi bakin Usta a rufe, ya kwanta. Wallahi sai na ga tsohon nan yana murmushi, wai shi gwani.

Daga nan ya ɗaga ranar da za a yi masa aikin, ya ce sai ya warware abin da ya ɗaura. Ni kuma ya zaɓa, ni da karen ya fi tsana a duniya. Kullum bayan la'asar zan hau benen nan da gwiwoyina masu ciwo, in tsuguna da nama a tafin hannu, Usta ya juya mana baya ya yi shiru. Barud zai tsaya yawu na zuba, idonsa a kan ƙeyar ubangidansa. Kwana uku, wani lokaci huɗu, ruwa kawai yake sha. In haƙarƙarinsa suka fito sai zuciyar Usta ta karye, ya matso da 'yar guntuwar muryarsa ya ce, "Ɗauka." Shi ke nan, mun koma farko.

Azumi ya wuce, ƙaramar salla ta wuce. Sau biyu asibiti suna kira yana ƙin ɗauka. Na zage shi, na roƙe shi, na ce a yi wa karen allurar mutuwa a huta. Bai yi mini magana ba kwana biyu. Tuni shayi ma da ƙyar yake wuce masa.

Bayan babbar salla da mako guda, ran wata Talata, Barud ya yi kwana biyar bai ci ba. Ranar Usta ya ji tausayinsa, ya buɗe baki zai ce "Ɗauka" kamar kullum, amma babu abin da ya fito sai iska. Karen ya jira, ya jira. Can ya rarrafo da ciki, ya ɗauki naman daga hannuna a hankali kamar mai sata. Na fashe da kuka, ni da ban yi wa mijina kukan kirki ba ranar da ya rasu.

Washegari Usta ya yi aski, ya ɗauki jakarsa ya tafi asibiti. Kafin magariba ya dawo da jakar ko buɗe ta ba a yi ba, sai ƙullin maganin rage zafi. Sun ce ciwon ya sauka ƙirji, wuƙar likita ba ta da sauran amfani.

Ya yi mini alama in hau mu ciyar da kare. Na miƙa, Barud ya cinye, ko waiwayar Usta bai yi ba. Raina ya ɓaci, na ɗaga takalmi na ce, "La'ananne! Da ka yi haka tun Sha'aban fa?"

Usta ya riƙe mini hannu. Ya jawo ni kusa har na ji numfashinsa a kunnena, da ƙyar na tsinci abin da yake faɗa.

"Kada ki zage shi. Abin da na koya masa ya yi."

Bai kai Ashura ba.