Inda Ruwan Butar Ya Kwanta

Gyadi-Gyadi, 5:40 na asuba

Ina idar da salla wani abokin aikina ya bugo waya ya ce gidaje sun faɗi a Darmanawa. Ruwa aka kwana ana yi. Na kira mahaifin ɗalibata Rahila, da ke zaune a can, sau uku, wayar ba ta shiga. Na zura takalmin roba na fito, ko shayi ban tsaya sha ba. Abu ɗaya nake so in sani: yarinyar tana da rai ko babu.

Ni malamin labarin ƙasa ne, kuma ina da fariya a kan aikin hannu, ba na son hadda irin ta aku. A zangon nan na tura 'yan ajina unguwanninsu da igiya da tiyon awo irin na magina, suka auno tudu da kwari. Muka kwaɓa yumɓu muka gina taswirar ƙaramar hukumarmu ta Tarauni a kan faffaɗan katako, kowa ya kafa tsinke a inda gidansu yake. Ranar gwaji na tsiyaya ruwa da buta. Ya gangara, ya taru a kusurwa ɗaya, ya shanye tsinken Rahila. Aji ya fashe da dariya, ni ma na yi, na ba kowa maki mai kyau.

Titin Zariya, 6:10

Na fi minti ashirin a tsaye kafin wani dattijo mai adaidaita sahu ya tsaya.

"Darmanawa yau, Malam? Sai dai in sauke ka inda keken ya gaji."

Ya ninka kuɗin, ban yi ciniki ba. Muna tafe ruwa yana shigowa har idon sawu, leda da robobin lemo suna binmu a gefe. A nan maganar da nake ta gudu ta cim mini. Bayan an tashi daga aji ranar gwajin, Rahila ta same ni ta ce, "Malam, don Allah ka zo ka gaya wa Babana. Ɗakin Kakata ne a ta wajen. Na faɗa masa, ya ce wasan yara ne, amma in kai ne zai ji." Na ce mata ranar Asabar. Asabar ta zo ina duba takardun jarrabawa. Ta biyu kuwa ɗaurin aure na tafi.

Shingen 'yan unguwa, 6:45

Tafiyar da ba ta kai kilomita uku ba ta ci mana fiye da rabin awa. A bakin Darmanawa 'yan sintiri sun gindaya benci.

"Baba, juya, kwalbati ta rufta. Malam, in da ƙafa ne ka bi jikin katanga, kada ka taka tsakiya."

Direban ya ce zai jira ni. Na ce kada in ɓata masa sammako. Ya ce, "Je ka kawai, fuskarka ba ta mai dawowa da ƙafa ba ce."

Cikin Darmanawa, 7:15

Ban taɓa zuwa gidan ba, amma ban tambayi kowa hanya ba. Inda ruwa ya nufa na bi, kwana bayan kwana, yadda yaran suka gina shi da yumɓu. Duk kwanar da na sha sai in tarar ta yi daidai da taswirar. A rayuwata ban taɓa fatan aikin ɗalibaina ya zama kuskure ba sai ranar.

Gidan yana ƙarshen layi, inda aka cike wani tsohon kududdufi. Ɗakunan gaba suna tsaye. Na baya ya zama tarin laka, kwanon rufi ya kife a kai. Wata maƙwabciya tana matse tabarma a ƙofar gidanta.

"Hajiya, ina mutanen gidan nan?"

"Suna asibiti. Yarinyar an zaro ta da rai, ƙafa ce ta karye. Tsohuwar kam sai haƙuri." Ta goge ido da gefen mayafi. "Tun da damina ta kankama yarinyar ta koma kwana wajen kakarta, wai ko da wani abu. Mu har dariya muke yi mata."

Asibiti, 9:30

Direban yana nan inda na bar shi. Ya kai ni asibitin. An yi wa Rahila allura tana barci, ban samu ganinta ba. Mahaifinta, Malam Bitrus, ma'aikacin gwamnati ne mutumin Kudancin Kaduna. Na same shi a baranda, laka ta bushe a wandonsa har gwiwa.

"Baban Rahila, ni ne malaminta. Allah ya ba da haƙuri."

Ya riƙe hannuna da hannu biyu. "Ashe kai ne. Sannu, Malam. Ta ce za ka zo ka yi mini bayanin taswirar nan. Asabar biyu ban fita ko'ina ba, har lemo na sa aka ajiye maka. Na ce in malami ya faɗa, sai mu mayar da Mama ɗakin gaba."

Ba da faɗa ya faɗe shi ba. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Gida, 12:20

Na iso Gyadi-Gyadi kafin azahar. Maiɗakina ta kawo abinci, na kasa ɗaga cokali. Na gode wa Allah da ya bar mana Rahila, na gode wa dattijon da ya jira ni ba tare da ya san ni ba. Malam Bitrus ma da zan tafi sai da ya rako ni har bakin ƙofa, ya yi mini godiya da na taso takanas. Wannan godiyar ce ta hana ni sakat har yau.